Cinikin biri a sama: wasiƙar wani baduku daga Yamai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da mutanenka.

Ni baduku ne ɗan baduku, haifaffen Tawa, amma yau shekara 31 ina zaune a Yamai, rumfata na nan wajen Wadata. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Ɗiyata ce ta karanta mini abin da kuka buga kwanakin baya a kan sayen jakunkunan mata masu tsada ta intanet, inda marubucin ya ce abin da ke kwantar wa mai saye da hankali shi ne hoto mai kyau, da yawan mabiya, da kawo kaya da wuri. Na ce ta maimaita mini wurin. Da ta maimaita sai na ce ta gyara zama, ni in faɗa ita ta rubuta, domin ni ne ake kawo wa jakunkunan nan bayan hoto ya gama nasa aikin.

Mu nan jikka muke cewa, ko ta ratayawa a kafaɗa ko ta kashewa a kasuwa, wato sefa 1,000. Don kada in rikita ƴan'uwa na ƙetaren iyaka, ta ratayawa zan ce mata jaka, in bar wa kuɗi jikka.

Bayan ƙaramar salla wani saurayi ya shigo rumfata da baƙar leda a hammata, yana waige-waige kamar wanda ya ɗauko abin da ba nasa ba. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, aurensa bai cika wata ba. Ya zauna a kan benci, muka gaisa har sau biyu, sannan ya buɗe ledar. Jaka ce ruwan ƙasa mai tambarin nan na kamfanin Louis Vuitton, L da V da ƴan furanni, hannu ɗaya ya tsinke daga gindi yana reto. Ya ce ita ya ɗora a saman akwatin lefe, ita kowa ya fara gani ranar da aka kai. A Facebook ya gan ta, a shafin wata mai mabiya dubbai, an rubuta "orijinal, daga Paris". Jikka 85. Ya tura 45 tukuna, ya cika sauran da kaya suka iso tasha. Kuma ta zo da kayanta cif-cif: kwali mai kyau, da ƙyallen da ake sa ta a ciki, da ɗan kati, har da rasit da Faransanci, an rubuta kuɗin da yuro. Fitar amarya ta farko da ita, gidan suna a Talaje, tana miƙa hannu za ta karɓi jariri, hannun jakar ya rabu da jikinta, hoda da turare da ƴan canji suka watse a tsakar gida a gaban ƙawaye.

Na ɗora ta a kan katako, na sa basilla na farke shafin ciki. Abin da ke ƙarƙashi kwali ne, toka-toka, an shafe shi da gam har ya bushe ya yi rawaya. Hannun kuma igiyar roba ce aka naɗe da leda, ɗinkin da ke kansa na ado ne, bai kama komai ba, gam ne ke riƙe da nauyin duka. Na sa farce a gefe na kankara, saman ya taso kamar ɓawon albasa. Na kai ta hanci, warin fetur. Ina juya ta sai ɗan kwaɗon zinariyar da ke rataye ya faɗo a cinyata, ko nauyin marfin kwalba bai yi ba.

Ya ce, "Baba, ko kaɗan babu fata a jikinta?"

Na ce, "Ɗana, babu akuyar da ta mutu saboda wannan jakar."

Ya yi dariya, daga nan ya yi shiru. Ba jikka 85 ɗin ke cin sa ba, ko da yake adashen wata biyar ne ya kwasa. Abin da ke cin sa shi ne gwaggon amarya ta ce a gaban mutane, "Ashe haka sauran kayan akwatin suke?" Ya kira mai shafin, ta ce kaya in sun fita ba sa komowa. Ya sake kira, ta toshe lambarsa. Bai san sunanta na gaskiya ba, bai san unguwarsu ba, bai ma tabbata a Yamai take ba. Shi ma dai ya yi sa'a an aiko masa da wani abu. Ɗiyar maƙwabcina ta tura jikka 50 a bara, har yau direban motar da aka ce ya taso da kayanta bai iso ba.

Malam Edita, da saurayin nan ya zo wurina kafin ya tura kuɗin, lissafi kawai zan yi masa, ba sai na ga jaka ba. Yuro 1 sefa 656 ne in an cike ɗan guntun, kuma a ɗaure yake, ba ya hawa ba ya sauka. Jakar Louis Vuitton irin wadda mata ke ratayawa zuwa biki, sabuwa a kantinsu, ta haura yuro 1,000, wato ta wuce jikka 650 tun ba a sa kuɗin jirgi da na duwan, wato kwastan, ba. Ta Chanel mai ɗinkin gidan dara da sarƙa ta haura yuro 10,000, miliyan 6 da rabi ke nan da ɗoriya, kuɗin fili. To wace baiwar Allah ce za ta hau jirgi ta je Paris ta sayo abu jikka 650, ta kawo Yamai ta sayar maka 85? Ko uwar da ta haife ka ce sai ka tambaye ta lafiya. Ga shi kuma Louis Vuitton ba ya ba kowa sari, ba ya karya farashi a ƙarshen shekara. A kantunansa da shafinsa kaɗai yake sayarwa, kuma ba shi da kanti a Nijar. Katin shaidar da malamin ya nuna mini yana lallaɓawa kamar takardar fili, wannan kamfanin ba ya ma ba da irinsa. Chanel da ke ba da kati ta daina tun 2021, ta koma sa wani ɗan ƙarfe mai lamba a cikin jakar. Kwali da kati da rasit duk tare da jakar ake buga su, duk wanda ya taɓa zuwa sari Guangzhou ya sani.

Na taɓa riƙe ta gaske, ba sau ɗaya ba. Wadda ba na mantawa wata Hajiya ce daga unguwar Filato nan Yamai ta kawo, maigidanta ya yi aiki a Faransa, ta ce jakar ta girmi autarta da ke jami'a. Zif ne kawai ya gaji. Abin da ya fara ba ni mamaki, jikin jakar mai tambarin nan ba fata ba ne ko a ta gasken: yadi ne mai kauri aka shafe shi da abin hana ruwa shiga. Fatar tana hannu da baki-baki, ta saniya ce da ba a rina ba, wadda ke fitowa fara-fara sannan tafin hannu da rana su mai da ita ruwan zuma. Ta Hajiya ta yi duhu, ta yi santsi, babu inda ta tsage. Na ƙirga ɗinkin gindin hannun dama, na ƙirga na hagu, ba su saɓa ba ko da ɗaya. Na daɗe ina juya ta kafin in kai mata almakashi, don aikin wanda ya san aiki yana da kwarjini.

Mutanen nan kuwa asalinsu ƴan'uwana ne a sana'a. Hermès da ake ji, a 1837 ya fara a Paris da kayan doki, kamar dai dukawan da ke yi wa dawakin sarakunanmu kayan hawa. Har yau ɗinkin sirdi suke yi wa manyan jakunkunansu da hannu: zare ɗaya, allura biyu, kowace ta shiga ramin da ƴar'uwarta ta fito. Ni ma na iya shi. In zare ya tsinke a wuri ɗaya sauran na nan daram, na keke kuwa in ya tsinke sai ya yi ta zarewa. Louis Vuitton kuma mai yin akwatunan tafiya ne tun 1854, kuma tambarin nan da ake ta bugawa a jikin leda ɗansa ne ya ƙirƙiro shi a 1896 don ya hana masu kwaikwayo. An gudu ba a tsira ba. Ɗiyata ta nuna mini labarin jakar Birkin ta farko, wadda Hermès ya yi wa mawaƙiyar nan Jane Birkin, an yi gwanjonta a Paris a watan Yulin 2025 a kan yuro miliyan 8.6, sama da sefa miliyar 5 da rabi, biliyan in ji mutanen Najeriya. Tsohuwar jaka ce duk ta goge. Wanda ya zuba wannan kuɗin ba fata ya saya ba. Ya saya ne don an san hannun da ta fito da duk hannun da ta bi har ta iso gabansa, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi. Cikin makon nan kuma, a wani zauren WhatsApp na matan unguwarmu, ana tallar "Birkin" jikka 60, kala biyar.

Kada kuma in cika baki. Ledar arha kowa na iya gane ta in ta zo hannu: a duba bakin yanka, fata na da gashi-gashi a ciki, leda kuwa yadi ne ko soso, a shinshina, a matsa da yatsa a ga ko ta yi ƴan tamoji irin na fatar mutum. Amma akwai kopin da ni kaina, da na fi shekara 40 ina shaƙar fata, sai na farke ciki nake ganewa, wani lokacin ma in ja bakina in yi shiru. Masu yin jabu sun ƙware, suna sa fata ta gaske, su ma suna ƙirga ɗinki. Rahoton da OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kai kan tattalin arziki, ta fitar a 2019 ya ce jabun kaya sun kai kashi 3.3 cikin 100 na cinikin duniya, dalar Amurka miliyar 509 a shekara ɗaya. Masu irin wannan jari ba za su kasa ɗaukar hoto mai kyau ba. To in baduku da jaka a cinya yana iya ruɗewa, me hoto a salula zai gaya wa malamin lakwal? Hoton ma sau da yawa ba na kayan da ke ɗakin mai talla ba ne, daga shafin kamfanin aka kwafo shi. Mabiya kuwa sayen su ake yi kamar gyaɗa a kwano. Saƙonnin nan na "na gode Hajiya, kaya sun yi kyau" da ake liƙawa, mai salula biyu na iya rubuta wa kanta ɗari kafin la'asar.

Ga inda maganata take. Mu ba yau muka fara ciniki da wanda ba mu sani ba. Ina yaro mahaifina kan tafi da ni kasuwar Badagishiri sayen fatu, shi yana can yana taya, ni ina tsaye wajen dabbobi baki buɗe. Makiyayi ya gangaro daga Azawak da raƙumi ko sa, mai saye ya zo daga Ƙonni ko Sakkwato, ba su taɓa ganin juna ba, wani lokacin ko harshe ba su haɗa ba. Amma a yi ciniki na kuɗi masu nauyi a rabu lafiya. Dillali ne ya sa. La'adar da yake karɓa ba ta surutu ba ce kawai. Shi ya san mai dabbar, a gidansa ma ya sauka, tuwonsa ya ci. In sa ya fito na sata ne, ko da ciwo a ɓoye, wuyan rigar dillali za a kama, kuma kowa ya san ƙofar gidansa, ya san kasuwa mai zuwa yana nan gindin icensa da sandarsa. Intanet ta zo ta kori dillali, muka yi murna an huta da la'ada, ba ta kuwa zaunar da kowa a gurbinsa ba. Shi ya sa ake ta cinikin biri a sama.

Waɗanda suka riga mu shiga harkar sun gane haka, sun dawo da dillalin ta wata ƙofa. Akwai wani shafi na Faransa, Vestiaire Collective, inda ake sayar da jakunkuna masu suna da aka riga aka yi amfani da su: mai saye na iya cewa jaka ta bi ta hannun masu dubawarsu kafin ta iso gare shi, kuɗi kuma ba ya faɗawa aljihun mai sayarwa nan take. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba wanda ya sayi abu ta intanet a wurin ɗan kasuwa kwana 14 ya mayar, ko bai faɗi dalili ba. Mu kuwa kuɗi na fita daga salula ko daga tagar masu aika kuɗi, minti biyu an karɓe shi a wani gari, shi ke nan. Hanyoyin aika kuɗin nan alheri ne, da su nake aika wa tsohuwata a Tawa duk wata, amma don wanda ka sani aka yi su, ba don baƙo ba.

Ba ma sai mun je Turai aro ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da faɗa cewa wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Hadisin mai tarin abinci kuwa ko ɗaliban islamiyya sun san shi: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Nakan tuna wannan duk ran da na farke shafi na tarar da kwali. Wannan magana ta "kaya in sun fita ba sa komowa" ban san daga wane littafi aka ciro ta ba.

Akwai wata mata a Yantala, ba zan faɗi sunanta ba don ba talla na zo yi ba. Ita ma ta WhatsApp da TikTok take sayarwa, kayanta daga Dubai da Istanbul da ƙasar Sin suke zuwa. Na san ta ne don ni take kawo wa gyara. Ban taɓa ganin ta rubuta "orijinal" a kan abin da ba shi ba. Takan ce, "Hajiya, wannan kopi ce, mai kyau ce amma kopi ce, jikka 25. Wannan ta Turkiyya ce, ba ta da sunan kowa amma fata ce, jikka 40. Waccan leda ce, ta biki ɗaya ko biyu, kada ki bar ta cikin mota a zafin Afrilu." In mace na so sai ta kira ta ta bidiyo, ta fito tsakar gida ta juya jakar a hasken rana, ta zuge zif, ta fito da shafi waje, ta rataya a kafaɗarta a ga girmanta na gaske. Cikin Yamai yaronta mai babur ke kaiwa, da kwatancen nan namu na "bayan masallaci, ƙofa ta uku mai shuɗin fenti", a duba sannan a biya. Na Maraɗi da Damagaram da Agadas ta ɗauki hoton takardar tasha ta tura. Kwana uku take bayarwa a mayar. Ƙofar gidanta sananniya ce, maigidanta a masallacin unguwa yake salla, wadda aka cuta ta san inda za ta je ta yi kuka. Da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, aka yi wata da watanni ba su iso ba, sai ta mai da wa mata kuɗin da suka ajiye, ta ce in kaya sun zo za ta neme su. Hotunanta kuwa, wallahi, ba su da kyau ko kaɗan. A kan zanen gado take ɗauka, wani lokacin har da ƙafar yaro a gefe. Amma in salla ta matso sai ta kashe salula take samun barci.

Ba wanke kopi nake yi ba. Ɗaukar sunan wani ka manna a kayanka sata ce, kuma na san zafinta: wata jaka da na zana da hannuna na kai SAFEM, baje kolin sana'o'in hannu da ake yi a Yamai, shekara ba ta zagayo ba na gan ta da leda a kasuwa, har an gyara mata kuskuren da na yi a aljihu. Masu tafiya Faransa kuma su sani, a can riƙe jabu laifi ne, ƴan duwan na iya ƙwacewa a filin jirgi su ci mutum tara. Amma tsakanin mai cewa "kopi ce" da mai rantsuwa cewa orijinal ce akwai tafiyar kwana da kwanaki. Ta farko rariya ta sayar, kowa ya saya ya san za ta zubar da ruwa. Ta biyu rariyar ta sayar da sunan ƙwarya.

Masu saye ma da nasu. Da yawa sun san jikka 85 ba ta sayen ta gaske, so suke a yi musu ƙaryar don su samu abin maimaitawa a gidan biki. Akwai wadda ta zo rumfata ta zaɓi jakar jan fata da na yi kwana shida a kanta, ta yaba, ta biya, sannan ta sassauta murya ta ce in manna mata harafin G guda biyu a gaba, tambarin kamfanin Gucci. Na ce, "Hajiya, ai ni sunana ba da G ya fara ba." Ta ajiye jakar ta karɓi kuɗinta. Abin da ke ba ni takaici, jar akuyar Maraɗi da ƴar'uwarta ta Sakkwato fatarsu na cikin waɗanda duniya ke nema saboda laushi da ƙarfi. Tun zamanin ayari ake ƙetara Sahara da ita, Turawa na saye a tashoshin arewa suna kiran ta fatar Maroko. Yau ma kwasar ta ake yi a fita da ita, mu kuma a aiko mana da leda mai sunan Bature mu yi layi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wanda ke musu ya gangara majemar Gamkalle bakin kogi da safe, ya ga yadda ake jima da bagaruwa, ya taɓa fatar da hannunsa.

Kada a ce baduku ya zo jarida yana wanke kansa. Shekara biyu ke nan ɗiyata ta buɗe mini shafi, ita da hoto, ni da ɗinki. Cikin watannin farko wata ma'aikaciya a Damagaram ta sayi jar jaka, jikka 30, muka sa mata a mota. Sauri na yi, salla ta matso, rinin karan dafi bai gama kama jikin fatar ba, ban kuma goge ta yadda ya kamata ba. Ta rataya ta a kan farar shadda ranar idi. Kafin azahar ta turo hoto: jan shati tun daga kafaɗa har ƙugu, kamar a jikinta aka yanka ragon. Muryar da ta biyo bayan hoton ba ta shiga jarida. Ɗiyata ta ce mu ce mata ai haka fatar gargajiya take. Na kwana ina juya maganar, don jikka 30 da kuɗin shadda ba ƙaramin abu ba ne a rumfa irin tawa, ga Damagaram da nisa, kusan kilomita 900, ba za ta taso ta kama ni ba. Wannan tunanin na ƙarshe shi ya tsorata ni, don na gane irinsa ne masu toshe lambar mutane ke yi. Washegari na tura mata kuɗin jaka da na shadda. Ba ta ce ta gode ba, ba ta kuma sake sayen komai a wurina ba har yau. Tun daga ranar dai duk jakar da za ta fita sai na goga mata farin ƙyalle mai danshi a gaban salula, mai saye na kallo.

Ga roƙona, tunda jaridarku na shiga inda muryata ba ta kaiwa. Kamfanonin aika kuɗi su duba ko za su zama dillalin da ya ɓace: mai saye ya zuba kuɗi su riƙe, sai ya ce kaya sun iso kuma su ne, sannan a sakar wa mai sayarwa, su ɗauki ƴar la'adarsu. Ni zan fara biya. Wadda aka damfara kuma ta daina haɗiye abin don kunya. Ƙasar nan na da dokar laifukan intanet tun 2019, ƴan sanda na karɓar ƙara, layin salula ma da sunan mutum ake yi masa rajista. Ta ajiye saƙonni da takardar tura kuɗi, kada haushi ya sa ta goge. Ku kuma in za ku sake rubutu a kan wannan, ku bar zancen hoto, ku tambayi mai shafi ina ƙofar gidanta take, kuma in hannu ya tsinke wa za a kira.

Jakar malamin lakwal kuwa na gyara ta. Na ce masa gyaranta asarar zare ce, ya ce in dai yi, don amarya ta ce ko ba za ta sake fita da ita ba tana son ta gan ta da hannu biyu. Na yanko ƙirgi na yi mata sababbin hannaye, na ɗinke su da allura biyu har cikin kwalin, na karɓi jikka 3. Hannayen za su fi jakar daɗewa da shekara 20. Kwaɗon da ya faɗo na miƙa masa, ya ce in bar shi.

Na jefa shi cikin gwangwanin madarar da nake tara irinsu a ƙarƙashin tebur, kwaɗuna da haruffan zinariya da suka ɓalle daga jakunkunan mutane, L da V da G da C da H, ya kusa cika. Jikana da ya shiga lakwal bana yakan zube su a tabarma in ya zo rumfa, yana jerawa yana karantawa. Shekaranjiya ya ɗago kai ya ce, "Kaka, babu A?" Na ce ya yi haƙuri, ba a kawo ba tukuna.

Wassalam.

Naka,
Wani baduku, Wadata, Yamai